Yadda ake gane chrome.exe na gaskiya da na bogi

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke hannun matasa a unguwannin Aboabo da Asawase na birnin Kumasi na hannu ne. A Adum ake sayo su, mai shago ya zuba manhajoji daga filashi guda wadda ta riga ta shiga kwamfutoci barkatai. Ta nan burauzar bogi ke samun ƙofa. Sunan fayil ba shaida ba ne, domin kowa na iya raɗa wa muguwar manhaja suna chrome.exe, wato sunan fayil ɗin da ke buɗe burauzar Chrome, ya manna mata tambarin Google. Abu uku ke tona asiri: inda fayil ɗin yake zaune, wanda ya sa masa hannu, da lambar da ke bambanta shi da kowane fayil.

Fara da mazauninsa. Buɗe burauzar, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager, wato jerin manhajojin da ke aiki a kwamfutar, zai fito. Shiga Details, danna ɓangaren dama na linzami a kan chrome.exe, ka zaɓi Open file location. Chrome na gaskiya yana zama a C:\Program Files\Google\Chrome\Application, ko a Program Files (x86) idan tsohon girki ne. Idan an girka shi don mutum ɗaya kawai, za ka same shi a AppData\Local\Google\Chrome\Application, wannan ma daidai ne. Firefox yana C:\Program Files\Mozilla Firefox, shi kuwa msedge.exe yana cikin Microsoft\Edge\Application a ƙarƙashin Program Files (x86). In ka tsinci fayil ɗin a Temp, ko Downloads, ko C:\Windows\System32, ko wata jaka mai sunan haruffa marasa ma'ana a cikin AppData\Roaming, to akwai lauje cikin naɗi.

Kada yawan chrome.exe a jerin ya tayar maka da hankali. Chrome yana raba aikinsa ne, shafuka da ƙananan manhajojin da aka maƙala masa kowanne da nasa, don haka ganin 10 ko 15 ba komai ba ne. Abin dubawa shi ne dukkansu su fito daga jaka ɗaya. Sai kuma idan ka rufe burauzar amma ɗaya ya ci gaba da cin ƙarfin na'ura, fanka na ta huci: wannan ɗin a bi sawunsa.

Mataki na biyu shi ne sa hannu, wato hatimin da kamfani ke yi wa fayil don nuna nasa ne, kuma a nan mutane suka fi yin gaggawa. Danna dama a kan fayil ɗin, shiga Properties, sannan Digital Signatures. Na Chrome sunan Google LLC zai nuna, na Firefox Mozilla Corporation, na Edge Microsoft Corporation. Ganin sunan kaɗai bai isa ba. Zaɓe shi, danna Details, ka tabbata an rubuta "This digital signature is OK". Ko harafi ɗaya aka sauya a cikin fayil ɗin bayan kamfani ya sa hannu, wannan layin ba zai fito haka ba. Idan shafin Digital Signatures ma babu shi gaba ɗaya a kan chrome.exe, magana ta ƙare, ba na Google ba ne. Kada ka dogara da shafin Details na Properties inda ake rubuta sunan kamfani da lambar siga, wannan rubutu ne da kowane mai haɗa manhaja zai iya cikewa da abin da ya ga dama.

Sa hannu ma ba ya wanke fayil ɗari bisa ɗari. A 2017 an shigar da muguwar manhaja cikin CCleaner 5.33, manhajar share tarkacen kwamfuta, aka raba ta da sa hannun kamfanin na gaskiya. Shi ya sa ake ƙarawa da mataki na uku. Buɗe PowerShell, manhajar Windows da ake rubuta umarni a cikinta, ka rubuta Get-FileHash, ka bar tazara, ka sa cikakkiyar hanyar fayil ɗin tsakanin alamomin zance. Zai ba ka lambar SHA256 mai haruffa da alƙaluma 64. Kwafe ta ka liƙa a wurin bincike na virustotal.com, inda manhajojin rigakafi kusan 70 ke duba fayil. Neman lambar ya fi ɗora fayil ɗin sauƙin data, kuma chrome.exe na gaskiya galibi an riga an duba shi a can. In ɗaya ko biyu marasa suna ne suka yi ƙorafi, sau da yawa kuskure ne. In Microsoft da Kaspersky da ESET suka haɗu a kan magana ɗaya, ka yarda da su.

Wani lokaci fayil ɗin lafiya lau yake, gajeriyar hanyar da ke kan allo ce aka taɓa. Duba Properties ɗinta, layin Target ya kamata ya ƙare da chrome.exe da alamar zance. Adireshin wani shafi ko kalmar load-extension a bayansa ba naka ba ne, goge shi. Sannan rubuta chrome://policy a burauzar. Kwamfutar gida da ba ta ofis ba bai kamata ta cika da dokokin da ba ka san wanda ya sa su ba.

Idan ya tabbata na bogi ne, cire intanet tukuna. Goge fayil ɗin da hannu ba ya wadatarwa, domin irin waɗannan kan bar umarni a Task Scheduler da zai dawo da su bayan an sake kunna na'ura. Shiga Windows Security, Virus & threat protection, Scan options, ka zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Kwamfutar za ta mutu ta tashi, binciken ya ɗauki kamar minti 15, don haka a sa caji kada wuta ta ɗauke a tsakiya. Bayan nan sauke sabon Chrome daga google.com/chrome da hannunka, ba daga filashin kowa ba. Mai Windows 7 ya sani cewa Chrome 109 na farkon 2023 ne na ƙarshe da ke aiki a kanta.

Kalmomin sirrin da aka ajiye a tsohuwar burauzar a ɗauka an riga an kwashe su. Sauya su daga waya, imel a farko tunda ta nan ake sake buɗe sauran asusu, sai banki da Facebook. A kowanne ka nemi wurin fitar da duk na'urorin da ke ciki ka danna, domin ɓarawon da ya kwashi bayanan shiga daga burauza yana iya zama cikin asusun ba tare da ya san kalmar sirri ba.