Yadda za ka fara sauraron konserto ba tare da ka ƙone megarka a banza ba

Shagona yana bakin babbar kasuwar Garwa. Gyaran waya nake yi, ina kuma zuba wa mutane waƙoƙi a katin memori. Da kawuna ya rasu, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi aikin jirgin ƙasa tsakanin Ngaundare da Yawunde, sai aka tarar da kwali guda na faifan CD cikin kayansa, babu mai so. 'Ya'yansa suka ce, "Yaya, kai ne mai na'ura, ɗauka." Kiɗan Turawa ne zalla, babu mai rera baiti ko ɗaya. Na yi shekaru ina juya su a shago in kasuwa ta lafa, kuma kurakuran da na tafka sun isa in rage wa wani wahala.

Konserto kiɗa ne da ake fito da makaɗi ɗaya gaba, taron makaɗa da ake kira okestira su tsaya masa a baya. In ka taɓa zama wurin mai goge da 'yan amshinsa da masu ƙwarya, ka riga ka san tsarin: shi ya ja, su karɓa, wani lokaci su bar masa fili shi kaɗai ya nuna hannunsa. Yawanci zango uku ne, mai sauri, mai sanyi, sannan mai sauri. Kalmomin Italiyanci da kake gani a jikin fayil su ke gaya maka haka. Allegro da Presto gudu ne, Adagio da Largo tafiyar hawainiya.

Zamani biyu ne suka fi yawa a kwalin kawu. Barok ya kama daga wajen 1600 zuwa 1750, shekarar da Bach, shahararren mai tsara kiɗa na Jamus, ya mutu. Makaɗa kaɗan ne, goma ko ashirin, kiɗan gajere, bugunsa a daidaice kamar keken ɗinki. Romantik kuwa na ƙarni na 19 ne, makaɗa su kai saba'in ko fiye, konserto ɗaya ya ci minti arba'in, yanzu raɗa, an jima tsawa.

Ga abin da na daɗe ban gane ba. A wurinmu waƙa da mai ita abu ɗaya ne; in mutum ya zo shago ya ambaci waƙa, muryar mai ita zan zuba masa, shi ke nan. A nan ba haka ba ne. Vivaldi, mai tsara kiɗa ɗan Italiya, ya mutu a 1741, tun ba a yi mafarkin na'urar ɗaukar sauti ba. Takarda ya bari. Duk abin da ka sauke daga intanet, hannun wasu ne da suka karanta takardar suka kaɗa yadda suka fahimce ta, kuma kiɗa ɗaya yana iya samun ɗauka ɗaruruwa. Saboda haka kada ka rubuta sunan mai tsara kiɗan kawai ka danna abin da ya fara fitowa. Sau da yawa abin da ke sama tarkace ne da wani ya harhaɗa ya sa masa suna irin su kiɗan barci ko kiɗan karatu, an yanko minti uku daga nan, biyu daga can. Megarka za ta tafi, ba ka ji komai cikakke ba.

Nemi abu huɗu: mai tsara kiɗan, lambar aikin, mai kaɗawa, da shekarar ɗauka. Lambar ita ce katin shaida. Ayyukan Bach suna ɗauke da BWV, na Vivaldi RV, sauran galibi Op. Vivaldi kaɗai ya bar konserto wajen 500, da yawa sunansu iri ɗaya, ban da lamba sai ka ɓata. Sunayen mutanen na bar su da rubutunsu na asali, don haka za ka buga su a waya.

Fara da RV 315. Shi ne na biyu cikin konserto huɗu na lokutan shekara da aka buga a Amsterdam a 1725, na lokacin zafi, minti goma ko sha ɗaya kacal. Na zaɓe shi ne don ɗan Garwa ba ya bukatar tafinta a kansa. Farkonsa kasala ce, irin ta azahar ɗin watan Afrilu da kare ma ba ya iya haushi, zango na uku kuwa hadari ne ya taso da guguwa, kamar ruwan farko in ya keto ta kan Binuwai. Ka saurare shi sau uku a hannun ƙungiyar I Musici da Felix Ayo, ɗaukar 1959. Sautin a cike yake, mai taushi, babu gaggawa. Sai ka nemi na Il Giardino Armonico, mutanen Milan, na farkon shekarun 1990. Takarda ɗaya ce, amma waɗannan sai ka ce za su tsinke tsirkiya, hadarin nasu har kwano yake yayewa. Ni na biyun nake so, abokin shagona ya ce hayaniya ce. Ranar da ka iya cewa ga wanda ka fi so kuma ga dalili, kunnenka ya buɗe.

Bambancin ba na hali kaɗai ba ne, har da kayan kiɗa. Wasu ƙungiyoyi suna amfani da kayan zamani masu tsirkiyar ƙarfe. Wasu kuma sun koma wa irin na da: tsirkiyar hanjin dabba, ƙahon da ba shi da maɓalli, da kilabsan, kakan fiyano, wanda yake fizgar tsirkiya maimakon ya doke ta. Nikolaus Harnoncourt na cikin waɗanda suka buɗe wannan hanya, da ƙungiyar da ya kafa a Biyana a 1953. A kwalin kawu akwai konserto shida na Brandenburg, BWV 1046 zuwa 1051, waɗanda Bach ya miƙa wa wani basarake a 1721, har kashi biyu: na Karl Richter da na Trevor Pinnock na 1982. Da na sa na Pinnock bayan na Richter, sai na ji sautin ya yi ƙasa. Na ɗauka na'urar ce, kamar kaset in batir ya yi sanyi, har na kwance ta ina neman laifi. Ashe lafiyarta lau. Masu kayan zamani suna ɗaure tsirkiya a kan sautin da ke karkarwa sau 440 a daƙiƙa, masu kayan da yawanci a kan 415, wato ƙasa da rabin mataki. Kada ka kwance taka. Cikin shidan, fara da na uku, goge tara suna jifan juna da magana, sannan na biyar, inda mai kilabsan yake ƙwace filin shi kaɗai na tsawon mintuna.

In ka ƙetara zuwa romantik, ƙofar da ta fi sauƙi ita ce konserton goge na Mendelssohn, Op. 64, wanda aka fara kaɗawa a Laifzig a 1845. Mai gogen ba ya sa ka jira, cikin daƙiƙa biyu ya shigo. Amma zangunansa a haɗe suke, babu tsayawa tsakani, don haka in ka sami fayil uku, tabbata ɗauka ɗaya ce, in ba haka ba ɗinkin zai fito fili. Bayansa sai konserton fiyano na farko na Tchaikovsky, Op. 23, na 1875. Van Cliburn, ɗan Amurka, ya ci gasar Mosko a 1958, ya ɗauke shi a shekarar tare da jagoran okestira Kirill Kondrashin, faifan ya sayu fiye da miliyan. Tsoho ne, amma har yau ban gaji da shi ba. Waƙa mai girma da konserton yake buɗewa da ita kada ka zauna jiran dawowarta, ba ta dawowa. In kana son murya mai kauri, akwai konserton babban goge, wato cello, na Dvořák, Op. 104, a hannun makaɗi Rostropovich da jagoran okestira Karajan, 1968.

Tsufan ɗauka ba aibu ba ne. Daga wajen 1958 faifai suka koma sitiriyo, sauti ta kunne biyu, kuma yawancin abin da aka ɗauka daga nan yana da kyau. Na kafin nan yakan zo da shuu kamar ana suya. Bar shi sai ka saba.

Yanzu aikin shago. MP3 mai lambar ingancin sauti 128 yana cin wajen mega ɗaya a minti, mai 320 kusan biyu da rabi, wato konserton minti arba'in zai ci mega 40 ko kusan 100. Ga waƙoƙin da nake zuba wa 'yan moto 128 ya isa, amma goge da yawa in aka matse su sai su koma kamar kukan sauro. Ɗauki 192 zuwa sama. In za ka tura wa wani ta WhatsApp, tura shi a matsayin takarda don ya isa yadda yake. Kowane aiki ka buɗe masa jakarsa, ka sa wa zanguna 01, 02, 03, sannan ka kashe maɓallin nan mai cakuɗa waƙoƙi. Na taɓa yin wata guda ina jin zangon ƙarshe na Dvořák kafin na farko, ina mamakin abin da ya sa labarin ba shi da kai.

Sifikar waya ba ta iya fitar da babban goge, sam. Sa na kunne, ko mai arha ne. Kiɗan barok yana jure hayaniyar kasuwa, tunda ƙarfinsa kusan ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe. Romantik ba ya jurewa. Inda ya yi ƙasa, ƙarar fanka kaɗai ta isa ta haɗiye shi, kai kuma ka ƙara murya, okestira ta faɗo maka a ka. Daidaita muryar a wurin da ya fi ƙarfi, ka bar ta nan, ka jira bayan isha'i in moto sun ragu. Faifan CD kuwa kada ka bar shi kusa da kwano lokacin zafi, in ƙurar hunturu ta hau shi ka goge daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba, kuma ka kwafe shi a kwamfuta tun yana karantuwa. Uku daga na kawu sun riga sun mutu a hannuna.

Kwanaki wani dattijo mai goge ya kawo wayarsa gyara, ina cikin jin zangon tsakiya na BWV 1043, konserton Bach na goge biyu. Ya tsaya shiru har ya ƙare, sannan ya ce, "Ɗana, su biyu ne ko?" Na ce, "Su biyu ne, Baba." Ya ce tsirkiya nawa kowanne yake da ita, na ce huɗu. Ya yi dariya ya ce shi da ɗaya yake ciyar da gida. Ya miƙo katinsa ya ce in zuba masa, amma na tsakiyar kawai. Na zuba masa duka ukun, da lambobinsu.