Darasi na 9: Yadda Za Mu Kai Maganar Unguwa Taron Jin Ra'ayi

Karatu

Wata rana mai unguwa zai aiko, ko a yi sanarwa bayan sallar Juma'a, ko ka ji a rediyo: gwamnati na kiran jama'a taro a kan wutar lantarki da dashen itatuwa da magudanan ruwa. Da yawanmu sai mu ce wannan na 'yan boko ne, mu ci gaba da harkarmu. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Injiniya yana da taswirar Katsina, amma matar da ke bayan Ƙofar Marusa ita ta san lungun da ruwa ke kwana uku bai janye ba.

Me ya sa irin wannan taro ya matso kusa da mu? A da, maganar lantarki kusan duk a Abuja ake yanke ta. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lantarki, wadda ta ba kowace jiha damar yin tata doka, ta samar da wuta, ta rarraba. Kafin nan, a 2021, an yi dokar sauyin yanayi ta ƙasa. Katsina kuma tana cikin jihohi 11 da ake dasa katangar itatuwa don tare hamada.

Wuta da yanayi a ɗaure suke da igiya ɗaya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, tayar da janareto ya zama aiki. Gas ya yi tsada, gidaje da yawa suka koma gawayi da itace. Gawayin nan daga daji yake zuwa. In daji ya ƙare, iskar farkon damina ba ta da abin da zai tare ta, sai ta yaye rufi, ruwa kuma ya zaizaye ƙasa. Mutanen Jibiya ba su manta da daren ambaliyar watan Yuli na 2018 ba, wadda ta ci rai fiye da 40.

Magana iri biyu

A ce mata biyu sun miƙe a taro, dukansu masu markaɗe.

Ta farko ta ce: "Ranka ya daɗe, wallahi muna cikin wahala. Babu wuta. A taimaka mana."

Kowa ya gyaɗa kai, domin gaskiya ta faɗa. Amma dubi hannun magatakarda: bai rubuta komai ba. Ya ji wannan magana sau ɗari.

Ta biyu ta buɗe ɗan littafinta ta ce: "Ranka ya daɗe, na ƙirga kwana 7. Wutar da muka samu a layinmu awa 21 ce. Mu 6 ne masu injin markaɗe a kan taransifoma ɗaya. Muna roƙon a ba mu wuta da safe, daga ƙarfe 7 zuwa 11, lokacin da masu awara da masu ƙosai ke kawo waken suya da wake."

Wannan dole a rubuta ta. Ta faɗi wuri, ta faɗi adadi, ta faɗi abin da take so, kuma abin da ta roƙa mai yiwuwa ne. Wahalarsu ɗaya da ta farko, littafin ne ya raba su.

Lissafi

Kamfanin KEDCO ne ke raba wuta a Katsina da Kano da Jigawa. An kasa masu shan wuta rukuni biyar, kowane da awannin da ya kamata ya samu a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Duba takardar kuɗin wutarka, ko ka tambaya a ofishinsu, ka san rukuninka.

Ga abin da mai markaɗen ta rubuta daga Asabar zuwa Juma'a: 3, 2, 0, 5, 4, 1, 6. Tara su. In layinsu rukunin D ne, awa nawa ya kamata su samu a kwana 7? Awa nawa suka rasa, ba a ba su ba?

Tambayar da ake mantawa

Duk mai bin hanyar Kano ya ga dogayen injunan iska a Lambar Rimi. Guda 37 ne, an tsara su ba da wutar lantarki megawat 10. An faro maganar aikin tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, aka kwashe fiye da shekara 10 ba a gama ba. Saboda haka in an karanta muku tsari mai daɗin ji, ko fitilun sola ne a titi, ko rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, ko dashen bedi, kada ka tsaya ga yin tafi kawai. Tambayi yaushe za a fara, yaushe za a gama. Tambayi wa zai gyara in batir ya mutu. Wa zai ba dashen ruwa a bazara, wa zai killace shi daga awaki? A ganina wannan ta ƙarshe ta fi duka nauyi, don dasa itace na yini ɗaya ne, rainonsa kuwa shekara biyu ko uku.

Sai maganar mata. Su ke shan hayaƙin murhu, su suka san buhun gawayi kwana nawa yake yi, amma da wuya ka gan su a zauren taro. 'Yan ajinmu mata su haɗu su rubuta takarda ɗaya, a ba wadda za ta karanta. In ba mai zuwa, a roƙi mai unguwa a ware wa mata nasu zaman.

Rubutu

Karanta a hankali, gaɓa-gaɓa: ma-ka-ma-shi, ya-na-yi, ma-gu-da-na, ra-'a-yi. Makamashi shi ne duk abin da ke ba da wuta ko ƙarfin aiki: lantarki, fetur, gas, itace, hasken rana.

Kula da lanƙwasa. Fada daban, faɗa daban. Kwafi wannan sau uku: *Mun je fada mun faɗa wa hakimi.*

Yanzu cika wannan a littafinka:

Sunana ______. Ina zaune a unguwar ______. Sana'ata ______. Matsalarmu ita ce ______. Ta faru sau ______ a cikin kwana ______. Muna roƙon a ______.

Yi kwafi biyu. Miƙa ɗaya, ka roƙi wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan ɗayan, ka adana shi.

Aikin gida

Ja layi bakwai a shafi, kowace rana da layinta. Rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke. Wanda gidansa ba wuta, ya rubuta kuɗin gawayi ko itacen da aka saya kullum. A kawo littafin mako mai zuwa, za mu tara na ajin gaba ɗaya a allo.