Yadda Ake Amfani da Shafin Yumɓu Mai Ɓarewa a Fuska

'Yan'uwa mata, kun yawaita tambaya, ga matakan:

1. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Wanda aka shanya a rana cikin kasuwa, bar shi, zafin Sakkwato na ɓata shi.
2. Mai maiƙon fuska ta zaɓi wanda aka yi da yumɓun bentonite, mai busasshiyar fata kuma na yumɓun kaolin.
3. Gwada kaɗan a bayan kunne, ki jira awa 24.
4. Wanke fuska, ki tsane ta.
5. Shafa. Hattara da gira, ido, leɓe da ɗanyen ƙurji, yana tuge gashi.
6. Jira minti 15 zuwa 20.
7. Ɓare daga haɓa zuwa sama. In ya maƙale, jiƙa da ruwan ɗumi, kada ki fizga.
8. Shafa mai, musamman da hunturu. Sau ɗaya a mako ya isa.