Kurakuran da ke sa hukuma ta garƙame kantin kayan abinci na musamman, da yadda ake gyara su

A 'yan shekarun nan kantunan da suka keɓanta da wasu nau'o'in abinci sun yawaita a Kano da Kaduna da Abuja. Ga mai zuma da dabino da man zaitun, ga mai yaji da daddawa da kuka da garin ɗanwake a robobi masu kyau, ga mai kilishi da dambun nama. Yawancinsu mutanen kirki ne, kayansu ma babu algus. Sai dai wata rana a wayi gari an liƙa musu takarda a ƙofa an sa kwaɗo, jarin da aka tara da gumi ya maƙale a ciki, saboda abin da tun farko ana iya kauce masa.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar takardar CAC a matsayin lasisin komai. CAC ɗin, wato Hukumar Rajistar Kamfanoni, suna kawai take yi wa rajista. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mai sana'a kwana 28 daga ranar da ya fara ciniki ya yi rajistar sunan da yake amfani da shi, sai fa in da ainihin sunansa yake kasuwanci ba tare da ƙari ba. Wannan takarda ba ta ba ka izinin ƙulla abinci, kuma ba ta hana wani ya buga sunan kayanka a jikin nasa. Mallakar sunan kaya da tambarinsa a ofishin rajistar tambari ake samunta, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. A yi ta da wuri, domin NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ma za ta tambaye ta.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne wajen sake ƙulla kaya. Ka sayo jarkar zuma daga ƙauye, ko buhun barkono daga Dawanau, ka tace, ka niƙa, ka zuba a kwalabe, ka liƙa sunan kantinka. A ganinka har yanzu ɗan kasuwa ne kai. A idon doka kuwa ka zama mai sarrafa abinci, duk abin da ya samu wanda ya ci kai za a riƙe, kuma kayan nan yana buƙatar lambar NAFDAC kafin ya hau kanta. Kowane kaya da lambarsa: ta zuma ba ta aiki a kan yaji. Lambar tana shekara biyar, sannan a sabunta. Na sha jin ana ba sababbin 'yan kasuwa shawarar su ari lambar wani su buga, wai kafin tasu ta fito. Wannan shawara guba ce. Wanda ba shi da lamba laifinsa ɗaya, wanda ya buga ta wani kuwa ya haɗa da jabu, kuma jami'i na iya duba lambar nan take ya ga sunan wani kayan daban ya fito.

Gyaran yana da wahala amma ba gagararre ba ne. Ana cike takardun neman rajista ta intanet, jami'ai su zo su duba wurin da ake aikin, su ɗauki samfuri zuwa ɗakin gwaji. Abin da ya fi kayar da mutane a nan shi ne wurin. Kicin ɗin da ake dafa tuwon gida ba zai wuce ba. Ana son ɗaki na daban mai tsabta, da raga a taga, da ruwan wanke hannu, kayan a kan katako ba a ƙasa ba, ma'aikata kuma da takardar gwajin lafiya daga asibiti. Wanda bai shirya wa wannan ba tukuna, gara ya riƙa sayar da kayan waɗanda suka riga suka samu lamba, ya bar buga sunansa sai ya shirya.

Sai rubutun jikin kaya. Dole a ga sunan kayan, da abubuwan da aka haɗa a ciki, da nauyinsa, da suna da adireshin wanda ya ƙulla, da lambar rukuni (wadda ke nuna kayan da aka ƙulla a zubi ɗaya), da ranar da aka yi shi da ranar da zai lalace. Bayanin ya kasance da Turanci, in ka ƙara Hausa a gefe ka kyauta wa masu saye. Masu kawo kaya daga Saudiyya ko Dubai ko Masar a jakar tafiya su lura da wannan: kwalin da rubutunsa Larabci ne zalla, babu kuma shaidar NAFDAC, ana iya kwashe shi daga kanta komai ingancinsa. A sayi irin waɗannan kaya daga wakilin da ya yi musu rajista a Najeriya, a karɓi rasiti mai sunansa.

Akwai wani kuskure da ke ci mini rai, domin galibi da kyakkyawar niyya ake yinsa. Mai zuma da habbatus sauda da zogale sai ya rubuta a jikin kwalba, ko ya wallafa a WhatsApp da Facebook, cewa kayansa na warkar da ciwon suga da hawan jini da ciwon daji. Darajar zuma da habbatus sauda a wurinmu ba abin musu ba ce. Amma dokar abinci da magunguna ta Najeriya ta hana tallata abinci ga jama'a a matsayin maganin irin waɗannan cututtuka, kuma tallan kayan da NAFDAC ke kula da su sai da amincewarta. Abin da ya fi hukuncin ciwo shi ne dattijon da zai ajiye maganin asibiti saboda ya yarda da rubutunka. A goge wannan da'awa, a rubuta abin da ke cikin kwalbar kawai.

Batun sinadarai kuwa babu sassauci. Zuba Sniper a wake don kashe ƙwari, nunar da ayaba da mangwaro da kabaid, rina manja don ya ƙara ja, duk hukuma ta sha gargaɗi a kansu. Saboda ragowar irin wannan maganin ƙwari ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Ko ba kai ka zuba ba, in a shagonka aka samu, da kai za a fara. Ka san wanda kake sara a wurinsa, ka sansana buhu kafin ka biya, wajen ajiya kuma ka yi amfani da buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari ta hana su iska.

Kayan fasa-ƙwauri ma haka. Daskararrun kajin waje suna cikin jerin kayan da kwastan ta haramta shigo da su, shinkafar waje da aka tsallako da ita ta kan iyakar ƙasa ma kamawa ake yi, kuma jami'an kan bi kaya har cikin sito. Arhar da dillali ya yi maka ba za ta biya asarar da za ka yi ba.

A wajen farashi, dokar kare masu saye ta 2018 ta ce kuɗin da ke jikin kanta shi za a karɓa a wurin biya. A watan Fabrairun 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta rufe wani babban kanti a Abuja saboda bambanci tsakanin su biyun. Da yake farashin kaya kan canza, a sa yaro ɗaya ya riƙa gyara takardun farashi duk ranar da aka canza a kwamfuta. Allon nan na “kayan da aka saya ba a dawowa da shi” ma ba ya kare ka in kayan ya lalace ko wa'adinsa ya wuce. A kai sikeli ga jami'an awo su tantance shi, robar da aka rubuta kilo ɗaya kuma ta cika kilo ɗaya.

Kayan da wa'adinsa ya kusa ƙarewa a jera shi gaba a karyar da shi. In ya wuce, a fitar da shi daga kanta a rubuta a littafi. Kankare kwanan wata a buga sabo laifi ne da ke kai mutum kotu.

Sauran aikin ajiye takardu ne. Lambar haraji, rasitan harajin jiha da na ƙaramar hukuma, takardun lafiyar ma'aikata da duba-gari ke tambaya, rasitan sari, duk a haɗa su a fayil ɗaya a cikin shago, a ɗauki hotonsu a waya, yaron shago kuma ya san inda suke ko maigida ba ya nan. In jami'i ya zo, a tarbe shi da mutunci, a nemi ganin katin shaidarsa, duk kuɗin da aka ce a biya kuma a biya ta banki a asusun hukuma a karɓi rasiti.