Darasi na 9: Fita Hawan Dutsen Dala da 'Yan Aji

Mutum zai iya shekara da shekaru a Kano bai taɓa ganin garin daga sama ba, alhali Dutsen Dala na tsaye a tsakiyar tsohon birni. Wannan darasi zai nuna muku yadda ajinku zai shirya fita ta yini guda, ku hau, ku ga gari, ku sauko lafiya.

Tsayin Dala daga gaɓar teku mita 534 ne. Kada wannan adadi ya tsorata ku. Birnin kansa a kan tudu yake, don haka abin da ƙafarku za ta hau bai kai ko kusa da haka ba, kuma akwai matakala. Duk da haka, dattijo da mai jiki za su ji a gwiwarsu.

Ku fara da zaɓen lokaci, domin shi ne abin da mutane suka fi yi wa sakaci. A tsakiyar hunturu, wato Disamba da Janairu, hazo kan rufe gari har ku sha wahalar hawa ku rasa abin kallo. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan kai digiri 40, dutse ya yi zafi tun hantsi. Da damina ga santsi, ga tsawa, kuma kan dutse ba wurin tsayawa ba ne idan hadari ya haɗu. Mafi kyau shi ne Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, sama ta wanke. Ku fito bayan sallar asuba, ku sauko kafin rana ta take.

Kwana biyu kafin tafiya a zauna a aji. A zaɓi jagora, a zaɓi ma'aji da zai karɓi karo-karon kuɗin adaidaita sahu. A rubuta sunan kowa da lambar wayar wani nasa na gida. Ga damar gwada rubutunku: kowa ya rubuta nasa da hannunsa, ko da zai ɗauki lokaci. Mai hawan jini, mai asma, mai ciwon suga da mai juna biyu su faɗa wa jagora tun a nan, babu kunya. Wanda likita ya hana wahala ya jira a gindin dutse, ya tsare kayan jama'a.

Kowa ya riƙo ruwa lita biyu, da ɗan abin taɓawa irin su dabino, gyaɗa ko ƙuli-ƙuli. A sa kambas ko takalmi mai kama ƙafa, silifas kan zame. Mata su ɗaura zane yadda ba zai harɗe su ba, maza su bar babbar riga a gida. A zo da leda ta zuba shara.

Da kun isa, ku gaida mutanen unguwa. Gidajensu ne kewaye da dutsen, ku baƙi ne.

Wajen hawa doka ɗaya ce: tafiyar mai rauni ita ce tafiyar kowa. A sa shi kusa da jagora a gaba, wani mai ƙarfi ya tsaya a ƙarshe, kada ya bar kowa a bayansa. Matasan aji za su so tsere, a hana su. Idan wani ya ji jiri ko ƙirjinsa ya ɗaure, ya zauna, a ba shi ruwa, mutum biyu su sauko da shi. Ba a barin mara lafiya ya sauko shi kaɗai.

A sama ku ƙirga kanku, sannan ku nemi gabas ta inda rana ta fito. Yamma da ku za ku hango Goron Dutse. Kudu maso gabas akwai Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, waɗanda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, da kuma hasumiyoyin babban masallaci. Inda kuke tsaye ya girme su duka. Tun ƙarni na 7 maƙera suka fara narka tama a wannan wuri. Tarihin Kano ya ce a nan Barbushe ya jagoranci bautar gunki Tsumburbura kafin zuwan Bagauda, sarkin Kano na farko, a shekarar 999. Malam ya ba da wannan labari a zaune, nesa da baki, domin masu ɗaukar hoto da waya kan ja da baya ba su duba ba.

Saukowa ta fi hawa haɗari, domin ƙafa ta gaji kuma kowa na ɗokin gida. A sauko ɗaya bayan ɗaya, a sake ƙirga mutane a ƙasa.

Aikin aji

1. Me ya sa ba a son hawa a watan Janairu?
2. Ku 14 ne, kowa zai sha lita 2. Lita nawa za ku tanada?
3. Shekara nawa Muhammadu Rumfa ya yi yana mulki?
4. Rubuta wa maigidanki ko matarka gajeren saƙo: inda za a je, lokacin fita da lokacin dawowa.