Darasi na 9: Idan Masu Bincike Suka Yi Sallama

Lokaci-lokaci akan ga baƙi sun shigo gari riƙe da 'yar kwamfutar hannu. Sukan fara gaida dagaci, shi kuma ya haɗa su da mai unguwa ya zaga da su. Ba haraji suka zo karɓa ba, ba kuma rabon taki ya kawo su ba. Tambayoyi ne da su a kan zaman iyali: aure, haihuwa, lafiyar yara, makaranta da sana'a.

Rabon da a ƙirga mutanen Najeriya gida-gida tun 2006. Amma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa takan yi binciken lafiya da iyali, kamar yadda ta yi a 2008, 2013 da 2018. A irin wannan ba kowane gida ake shiga ba, zaɓa ake yi. Saboda haka in an tsallake maƙwabcinka an shigo naka, ba wani ne ya kai sunanka ba. Mata 'yan shekara 15 zuwa 49 aka fi yi wa tambaya, kuma mace ce ke shiga cikin gida ta tambaye su. Maigida yana da damar neman katin shaidar aikinsu. Ba a biyan ko kwabo, kuma ba dole ba ne a amsa.

Wanda ya yarda zai amsa, to ya faɗi gaskiya. A nan ne mata suka fi cutar kansu. Sai a ce, "Baba, kina da sana'a?" ta ce, "A'a, 'yar nan, zaman gida kawai nake." Alhali tun asuba ta soya ƙosai, da hantsi ta matse man gyaɗa ta yi ƙuli-ƙuli, ga tumaki biyu tana kiwo saboda Babbar Sallah, ga zubin adashi duk ranar kasuwa. Da kuɗin nan take sayen sabulu da omo, da shi take tara wa 'yarta kayan ɗaki. Ita a ganinta sai wanda ya fita da fartanya ko ya buɗe shago ne mai sana'a. Abin da ta faɗa shi za a rubuta, a haɗa da na dubban mata, a wayi gari takarda ta nuna matan karkara hannu rabbana suke. Mai tsara bashin jari kuwa takardar yake dubawa.

Haka batun 'ya'ya. Kunyar ɗan fari al'adarmu ce, amma a sa shi cikin lissafi, ko da kishiya ce za ta faɗi sunan. Za a yi tambaya a kan waɗanda suka rasu ma. Da ciwo, amma da wannan ake gane inda yara suka fi mutuwa.

Shekarun haihuwa kada a yi cinta. A kama wani abu da kowa ya sani: an fara kashe naira a 1973, an ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991, Sarkin Kano Ado Bayero ya rasu a 2014.

Aiki: Wadda aka haifa shekarar da aka yi jihar Jigawa, shekarunta nawa bana? Bayan haka, kowa ya rubuta sunayen matan gidansu, a gaban kowane suna ya sa abin da take sayarwa ko take kiwo. A zo da shi aji na gaba.