Darasi na Tara: Rumbun Iri na Duniya

Manomin da ya san hannunsa, kafin a kai dami rumbu, sai ya tsame zangarniyar da ta fi cika ya ɗaure ta daban. Wannan ta iri ce. Wasu su rataye ta a madafa don hayaƙi ya kore ƙwari. Mata kuwa su zuba wake cikin tulu da toka, su liƙe bakin da laka. Ko yunwa ta matsa, ana jin nauyin taɓa wannan ajiya.

Amma gobara kan tashi, fari kan zo shekara biyu a jere, rikici kan kori gari guda a dare ɗaya. A tambayi dattawan ajin nan: dawa kala nawa suka sani suna yara, bayan kaura da farfara? Wasu sai sunansu ya rage. Irin da ya ɓace kuwa, ko da kuɗi ba a dawo da shi.

Shi ya sa ƙasashe suka haɗa kai suka gina rumbunan iri. A Ibadan, cibiyar binciken noma ta IITA, wadda aka kafa a 1967, tana riƙe da wake kala sama da 15,000 da aka tattaro daga ƙasashe da dama. A Sadore, kusa da Yamai, cibiyar binciken noma ta ICRISAT tana ajiye gero, dawa da gyaɗa. Aikin ba shi da nisa da na tulu da toka. Ana shanya iri ya bushe ƙarau, a rufe shi cikin ƙaramar jaka da iska ba ta shiga, a sa a ɗaki mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Lokaci zuwa lokaci a ɗebo kaɗan a gwada ko yana tsira. In ya fara rauni, a shuka shi a gona a samo sabo. Rogo, doya da ayaba ba sa ajiyuwa ta wannan hanya, su sai a raine su da ransu a gona ko cikin 'yan kwalabe.

Mene ne ribar manomin Bichi ko na Maraɗi a nan? Duk wanda ya taɓa noman wake ya san ƙuduji, ciyawar da ke maƙale wa saiwa ta tsotse shuka tun kafin ta leƙo sama. Kana ganin gona kore shar, sai ganye ya koma rawaya, kwanso ya ƙi cika. Masu bincike sun gwada wake iri-iri har suka samu wani daga ƙasar Botswana, can kudancin Afirka, mai lamba B301, wanda ƙuduji ba ya iya kama shi. Shi kansa waken ba abin kai wa kasuwa ba ne, ƙwayarsa ƙanana. Sai aka aurar da shi da wake mai kyan ƙwaya, aka fitar da sabbin iri masu jure ƙuduji da ake shukawa a ƙasar Hausa yau. Manoman Botswana da suka riƙe wannan wake kaka da kakanni ba su san Kano ba, amma ga alherinsu ya iso. Haka kuma wani gero mai saurin nuna daga arewacin Togo, da ake kira iniyadi, ya je ya amfani manoman Indiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Don kada mai ƙarfi ya kwashe ya hana saura, a 2001 aka ƙulla yarjejeniya ƙarƙashin hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fara aiki a 2004. Ta ƙunshi amfanin gona da ciyawar dabbobi kala 64 da aka amince a riƙa musayarsu don bincike da inganta iri. A ganina har yanzu manomin da ya raini irin bai samu cikakken rabonsa ba, kuma wannan magana ce da ya kamata ƙungiyoyinmu su riƙa ɗagawa.

Rumbun ma ai yana iya ƙonewa. Saboda haka a 2008 aka buɗe wani babba a tsibirin Svalbard na ƙasar Norwe, cikin dutse mai ƙanƙara, inda kowace cibiya ke kai kwafin ajiyarta. Akwatin na mai shi ne, ba mai buɗewa sai shi. Akwatunan Ibadan suna cikin na farko da suka isa. Da yaƙi ya ci Siriya, ma'aikatan cibiyar binciken noma ta ICARDA suka bar rumbunsu na Aleppo. A 2015 suka karɓo ajiyarsu daga Svalbard, suka shuka a Labanon da Maroko, suka girbe, sannan suka mayar da sabon iri cikin dutsen.

Aikin gida

Kowa ya zo da irin da ya gada, ko ɗan ila ne, ko kanannado, ko maiwa. A ƙirga ƙwaya 100, a jera kan tsumma mai laima, a naɗe, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa. Bayan kwana 7 a ƙirga waɗanda suka tsira, a rubuta adadin. In sun haura 80, irin yana da ƙarfi. In sun gaza haka sosai, a shuka shi bana a sabunta.

Sai a raba sauran gida biyu: rabi a gida, rabi wurin ɗan'uwa a wani gari. A kan kowace jaka ka rubuta da hannunka sunan irin, sunan garinku, shekarar girbi, da abin da aka san shi da shi, kamar jure fari ko daɗin tuwo. Wanda rubutu bai zauna masa ba tukuna, ya faɗa wa na kusa da shi ya rubuta a allo, shi kuma ya kwafa.